Harafi Ɗaya Na Iya Rufe Maka Asusun Banki

Tun watan Disamba na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta umarci a haɗa kowane layin waya da lambar NIN, jama'a ke shan wahalar da ba su san tushenta ba. Abin bai tsaya kan layin waya ba: mutum ya yini a layin banki, a ƙarshe a ce masa bayanansa ba su dace ba, ya tafi yana zargin ma'aikaci da mugunta.

Sau da yawa laifin ba na ma'aikacin ba ne. Hukumar NIMC na da rumbun bayananta, bankuna na da nasu na BVN tun 2014, kamfanonin waya ma haka. In za a haɗa su, masu rubuta manhaja kan ɗebo bayanai daga kowane rumbu, su daidaita su a tsari guda, sannan kwamfuta ta gwada wannan da wancan. Ita kuwa ba ta san sanayya ba. Mai unguwa ya san Muhammadu da Mohammed da Mamman duk ɗan Malam ne. Kwamfuta mutum uku take gani.

Ranar haihuwa ta fi yin ɓarna. Da yawanmu ba a rubuta mana ita ba, sai mai cika fom ya sa 1 ga Janairu a nan, wani ya ƙago wata a can. Ga kuma tarkon rubutu: 03/04/1990 a wajenmu 3 ga Afrilu ce, amma manhajar da aka gina bisa tsarin Amurka za ta karanta 4 ga Maris.

Matasanmu masu rubuta manhaja, ku ma da ku nake. Kafin ku saki aiki, ku gwada shi da sunaye irin namu, har da masu ƙ da ɗ. Kuma ku yi gwajin da bayanan bogi. Kwaso bayanan mutane na gaskiya a zuba a kwamfutar gwaji sakaci ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

Kai kuma mai karatu, ɗauko takardar NIN ɗinka ka gwada ta da abin da banki ya rubuta, harafi bayan harafi. In ka ga saɓani, ka nemi gyara ta hannun NIMC ko bankinka tun kafin a tsayar maka da asusu. Duk wanda ya bugo waya yana neman lambar sirrinka da sunan zai haɗa maka bayanai, ɗan damfara ne, ka kashe wayar.