Wariya a Siyasar Amurka: Abin da Sakamakon Zaɓe Ba Ya Nunawa

Tun da Donald Trump ya kayar da Kamala Harris a zaɓen 5 ga Nuwamba, 2024, wata gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a teburan mai shayi da shirye-shiryen rediyo na kiran waya da shafukan Facebook. Wasu na cewa magana ta ƙare: Amurkawan da ke yi wa duniya wa'azi kan 'yancin mata su ma ba su yarda mace ta mulke su ba, ga shi har sau biyu suna ƙi. Wasu kuma na cewa batun wariyar launin fata tsohon labari ne, domin ƙasar da ta zaɓi Barack Obama sau biyu ba za a ce tana ƙyamar baƙar fata ba. Ɓangarorin biyu sun rataya hukuncinsu a kan abu guda, wato sunan wanda ya shiga Fadar White House. Wannan sunan kuwa kaɗan yake faɗa.

A ɗauki batun Hillary Clinton. Cewa Amurkawa sun ƙi ta bai yi daidai da alƙaluma ba. A 2016 ta samu ƙuri'u kusan miliyan 65.8, Trump ya samu kusan miliyan 63, ke nan ta fi shi da kusan miliyan 2.9. Abin da ya kayar da ita shi ne tsarin wakilan zaɓe. Kowace jiha tana da wakilai daidai da yawan kujerunta a majalisun tarayya biyu, jimillarsu duka, har da na babban birnin ƙasar, 538, kuma duk wanda ya haɗa 270 shi ne shugaban ƙasa. In ban da jihohin Maine da Nebraska, ɗan takarar da ya zo na ɗaya a jiha, ko da ƙuri'a ɗaya ce ratar, shi ke kwashe wakilanta gaba ɗaya.

Mai kallon ƙwallo zai gane wannan da sauri. A gasar lig, ƙungiyar da ta ci wasa 7 da nema maki uku take samu, wadda ta ci 1 da nema ita ma maki uku, kuma a ƙarshen kaka maki ake ƙirgawa. Hillary ta ci Kalifoniya da ratar ƙuri'u fiye da miliyan 4, amma rarar ba ta ƙara mata wakili ko ɗaya ba. Trump ya ci Michigan da Wisconsin da Pennsylvania da ratar da ba ta kai dubu 80 ba in an haɗa su duka uku, ya tafi da wakilai 46, ya tafi da mulki.

Shi kansa tsarin yana da alaƙa da bauta, abin da ba a cika faɗa ba. Lokacin da ake rubuta kundin tsarin mulki a Philadelphia a 1787, jihohin kudu sun cika da bayi waɗanda ba su da ƙuri'a. Da zaɓen kai tsaye za a yi, da arewa ta rinjaye su, kuma James Madison ya faɗi haka a wurin taron. Sai aka daidaita a kan cewa wajen raba kujerun majalisa, kowane bayi biyar za a ƙirga su a matsayin mutum uku. Tunda yawan wakilan zaɓe yana bin yawan kujeru, bawan da aka hana ƙuri'a ya zama shi ke ƙara wa ubangidansa ƙarfi a zaɓen shugaban ƙasa. Huɗu daga cikin shugabanni biyar na farko 'yan jihar Virginia ne masu bayi. Akwai wasu dalilan da suka sa aka ɗauki tsarin, kuma an soke wancan lissafi bayan yaƙin basasa, amma tsarin na nan yana aiki har yau.

Magana ta biyu, ta cewa cin Obama ya rufe babin wariya, ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, saboda tana share wahalar mutanen da wasunsu ke raye har yanzu.

A takarda, baƙar fata maza sun samu 'yancin zaɓe a 1870, mata kuma a 1920. A jihohin kudu takardar ba ta yi aiki ba. A watan Agusta na 1962, Obama yana ɗan shekara ɗaya, wata mai aikin gonar auduga a Misisipi, Fannie Lou Hamer, ta shiga mota da wasu mutum 17 zuwa garin Indianola don yin rajistar zaɓe. Magatakarda ya miƙa mata wani sashe na kundin tsarin mulkin jihar, ya ce ta kwafa ta kuma yi bayaninsa. Aka ce ta faɗi. Da ta koma gida, mai gonar da ta yi wa aiki shekara 18 ya ce ko ta janye sunanta ko ta bar masa gona. Ta bar gonar a daren. A watan Yunin 1963 'yan sanda suka kama ta a garin Winona, suka sa fursunoni biyu suka yi ta dukanta da kulki a cikin kurkuku, har ƙodarta da idonta suka samu lahanin da ta rayu da shi har mutuwarta. Laifinta dai neman ƙuri'a ne. A 1964, baƙar fatan Misisipi da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Sai bayan da Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Zaɓe a watan Agusta na 1965 adadin ya haura zuwa kusan kashi 60 cikin shekara biyu. An haifi Kamala Harris a Oktoban 1964, wato ta girmi dokar da ta ba baƙar mace a kudu damar jefa ƙuri'a ba tare da ta sa ranta a haɗari ba.

Shi ma cin Obama sai an duba cikinsa. Binciken da ake yi wa masu fitowa daga rumfunan zaɓe ya nuna cewa kashi 43 na farar fata ne suka zaɓe shi a 2008, kashi 39 a 2012. Da ƙuri'ar farar fata kaɗai aka ƙirga, da bai ci ko sau ɗaya ba. Yana kan mulki aka yi ta yaɗa cewa a Kenya aka haife shi, don haka bai cancanci kujerar ba. Trump ne ya zama babban mai rura wutar, har sai da shugaba mai ci ya fito da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta Hawaii a Afrilun 2011. Ba a taɓa tilasta wa wani shugaba kafin shi yin haka ba. Sunansa na tsakiya, Hussein, shi ma ya zama makami, ana cewa Musulmi ne a ɓoye, kamar musulunci wani aibi ne. Colin Powell, ɗan jam'iyyar Republican, shi ya fito a talabijin a 2008 yana tambaya: to in ma Musulmin ne, mene ne laifi?

A wa'adin Obama na biyu ne kuma, a Yunin 2013, Kotun Ƙoli ta karya ƙashin bayan dokar 1965 da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. Kafin nan, jihohin da aka san su da tarihin danne ƙuri'ar baƙar fata ba sa iya canza dokar zaɓe sai da amincewar gwamnatin tarayya. A ranar da aka yanke hukuncin Texas ta sanar cewa dokarta mai tsauri ta katin shaida za ta fara aiki. Cikin wata biyu North Carolina ta yi tata dokar. Da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta a 2016, ta gano cewa 'yan majalisar jihar sun fara neman bayanan yadda masu kowane launin fata ke kaɗa ƙuri'a, sannan suka bi hanyoyin da baƙar fata suka fi amfani da su, irin su zaɓen wuri da rajista a ranar zaɓe, suka rage su ko suka rufe. Ba a buƙatar kulki don yin wannan, 'yan majalisa da lauyoyi sun isa.

Game da Kamala, adalci ya sa a faɗi cewa ita ta faɗi har a yawan ƙuri'u, kusan miliyan 75 a kan 77 na Trump. Tsadar abinci da kuɗin haya sun ƙona jam'iyyarta. Kwana 107 kacal ta samu na yaƙin neman zaɓe bayan Joe Biden ya janye. Yaƙin Gaza ya raba ta da Larabawa da Musulmi da yawa, har Trump ya ci birnin Dearborn na Michigan. Duk wanda ya ce don tana mace baƙa kawai ta faɗi, ya taƙaita.

Amma a dubi irin tambayoyin da aka sa ta amsa. A gaban taron 'yan jarida baƙar fata a Chicago, Trump ya ce da can Ba'indiya ce, daga baya ta rikiɗe ta zama baƙa, alhali mahaifinta ɗan Jamaika ne kuma a Howard ta yi karatu, jami'ar da baƙar fata suka daɗe suna alfahari da ita. Wasu 'yan majalisa na Republican suka ce don cike gurbin mata da baƙaƙe aka ɗauko ta, matar da aka zaɓa mai gabatar da ƙara ta San Francisco, aka zaɓe ta antoni janar ta Kalifoniya, aka zaɓe ta sanata. An tono maganar da JD Vance, wanda Trump ya ɗauka mataimaki, ya yi a 2021 yana goranta mata rashin haihuwa. Trump kuwa ya shiga zaɓen bayan kotu a New York ta same shi da alhakin cin zarafin marubuciya E. Jean Carroll a 2023, aka kuma same shi da laifuka 34 a 2024. Duk da haka ya ci, har da ƙuri'ar fiye da rabin mata farar fata. Ban yarda akwai wata mace a Amurka, baƙa ko fara, da za ta ɗauko rabin wannan kaya ta kai ko zaɓen fid da gwani ba.

Masu ɗauko sakamakon Amurka su kafa hujja da shi cewa mace ba ta shugabanci su tuna Pakistan ta zaɓi Benazir Bhutto a 1988, Laberiya ta zaɓi Ellen Johnson Sirleaf a 2005, Meziko maƙwabciyar Amurka ta zaɓi Claudia Sheinbaum a 2024. Jinkirin Amurka matsalarta ce, kuma daga tarihinta ya taso.

Shirley Chisholm, baƙar mace ta farko a majalisar dokokin tarayya, wadda ta nemi takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat a 1972, ta sha faɗin cewa a siyasa kasancewarta mace ya fi kasancewarta baƙa jawo mata cikas. Shugabannin Amurka galibi daga kujerar gwamna ko ta sanata suke fitowa, don haka a can ya kamata mai gardama ya fara dubawa. Daga 1789 zuwa farkon 2025, baƙaƙen mata biyar ne kawai suka taɓa zama a Majalisar Dattawa, kuma a cikin jihohi 50 babu wadda ta taɓa zaɓen baƙar mace gwamna.