Mussum: Kofur ɗin da Ya Sa Brazil Dariya

(Kiɗan buɗe shiri, a rage sauti a hankali)

 Yau shirinmu na musamman Brazil ya nufa, amma ku ajiye zancen ƙwallo tukuna. Wani fim ne ya ja mu can, wanda aka fara nunawa a gidajen silima na ƙasar ranar 2 ga Nuwamba 2023. Sunansa Mussum, o Filmis, kuma tarihin wani mutum ne da kusan kowane gida a Brazil ya san dariyarsa.

Sunansa na yanka Antônio Carlos Bernardes Gomes. An haife shi ranar 7 ga Afrilu 1941 a wata unguwar talakawa da ke kan tudu a birnin Rio de Janeiro. Sai dai idan ka ambaci wannan dogon suna a titi, da wuya a gane wanda kake nufi. Ka ce Mussum, sai fuska ta washe. Kamar dai yadda sunan Ibro ya shanye na marigayi Rabilu Musa a wurinmu.

To, bari mu fara da mahaifiyarsa, domin nan ne zuciyar labarin take. Sunanta Malvina, aikatau take yi a gidajen masu hali, ita kaɗai ta riƙe ɗanta, kuma ba ta iya karatu ba. Ta rantse ɗanta ba zai tashi haka ba. Ta kai shi makarantar kwana ta 'ya'yan marasa galihu, inda horo yake da tsanani, ya fito da takardar shaidar aikin makaniki. Ku saurari wannan da kyau, jama'a: yaron da ta tura neman ilimi, shi ne ya dawo ya zaunar da ita ya koya mata karatu. Uwa ta tura ɗa makaranta, ɗa ya dawo ya zama malamin uwa. Ni kam duk abin da za a faɗa game da mutumin nan, wannan ne ya fi zauna mini a rai, kuma masu fim ɗin sun yi daidai da suka ɗora labarin kacokan a kan wannan uwa da ɗanta.

Daga nan ya shiga rundunar sojan sama, ya yi shekara takwas, ya kai muƙamin kofur. Da rana kaki, da dare kiɗan samba. Abin kiɗansa shi ne reco-reco, wani ɗan abu mai tsage-tsage da ake gurzawa da sanda, ya riƙa ba da sauti ƙarr-ƙarr a ƙarƙashin ganguna. Ana ba da labarin cewa da hannunsa na makaniki ya ƙera irin na ƙarfe. Shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Os Originais do Samba, wadda a 1968 ta raka shahararriyar mawaƙiya Elis Regina a wata babbar gasar samba. Makaɗi ne na gaske, masu sauraro, tun kafin kowa ya san shi da barkwanci.

(Sautin reco-reco na 'yan daƙiƙoƙi)

Yaya aka yi ya sami laƙabin? A tsakiyar shekarun 1960 ƙungiyarsu tana kiɗa a wani shirin talabijin tare da Grande Otelo, dattijon 'yan wasan kwaikwayo baƙar fata na Brazil. Ana cikin shiri kai tsaye sai wani littafi da Otelo ya ɓoye takardar maganganunsa a ciki ya suɓuce ya faɗi. Kofur ya kasa riƙe dariya. Otelo ya juyo a fusace ya kira shi Mussum, sunan wani baƙin kifi mai santsi, mai siffar maciji. 'Yan kallo suka fashe. An ce da farko sunan ya ɓata masa rai ƙwarai, amma kun san halin laƙabi, wanda ka fi ƙi shi ya fi bin ka.

A farkon shekarun 1970 ya haɗu da Renato Aragão da Dedé Santana, daga baya Zacarias ya cika su huɗu. Su ne 'yan barkwancin Os Trapalhões, da suka koma tashar talabijin ta Globo a 1977, suka mallake daren Lahadi shekara da shekaru, suka yi fina-finan da miliyoyin mutane suka yi layi domin kallo. Mussum yana da salon maganarsa, yana liƙa "is" a ƙarshen kalmomi, abin da ya sa ma aka ce Filmis a sunan fim ɗin.

Ga inda zancen ya yi nauyi. Rawar da aka fi ba shi ita ce ta baƙin mutum mashayi, wanda kullum hankalinsa yana kan barasar rake. Abokan wasansa kuma sukan yi barkwanci da launin fatarsa, irin maganganun da yau babu tashar da za ta yarda ta watsa. Yakan rama, kuma ramuwarsa kan fi zagin daɗi, amma zagin dai an riga an yi shi, yara miliyoyi sun ji. Wannan a ƙasar da sai 1888 ta haramta bauta, ita ce ta ƙarshe a nahiyar Amurka, ƙasar da fiye da rabin mutanenta baƙaƙe ne ko ruwa biyu. A wancan zamani yaro baƙar fata da ya kunna talabijin, fuska nawa zai gani irin tasa? Mussum yana cikin 'yan ƙalilan, kuma kwalba aka miƙa masa.

A nan ina da ja da fim ɗin. Ya taɓa wannan ciwo, amma da tausasawa, kamar mai tsoron ɓata wa masoya rai, alhali wurin yana buƙatar a tsaya a daɗe. Duk da haka abin da ya yi ba ƙarami ba ne. Ya ɗauke kwalbar, ya nuna mana ma'aikaci mai horon soja, mai ɗawainiyar iyali, mai kai-kawo tsakanin ɗakin ɗaukar shiri da dandalin kiɗa har ƙarfinsa ya ƙare, ɗan ƙungiyar samba ta Mangueira da bai taɓa juya wa unguwa baya ba. Kuma baƙar fata ne ya ba da umarni, Silvio Guindane. Mutum uku suka fito a matsayin Mussum: Thawan Lucas yana yaro, Yuri Marçal yana saurayi, sai Ailton Graça da ya ɗauki girman. Graça shi kansa ɗan samba ne, ana gani a tafiyarsa da yadda yake riƙe abin kiɗa.

Injiniya yana ɗaga mini hannu, don haka mu gaggauta. An gina fim ɗin a kan littafin tarihinsa da ɗan jarida Juliano Barreto ya rubuta. A bikin fina-finai na Gramado na 2023 ya lashe kyauta shida, ciki har da ta fim mafi kyau, da ta Ailton Graça, da ta Neusa Borges wadda ta fito a matsayin Malvina a tsufanta.

Shi kuwa Mussum, an yi masa dashen zuciya a birnin São Paulo cikin watan Yuli 1994. Yana kwance a asibiti Brazil ta ci kofin duniya a Amurka. Ranar 29 ga watan ya rasu, yana da shekara 53.

 

(Kiɗan rufe shiri)