Hikimar da ke cikin tambayar likita game da haila

Duk macen da ta taɓa zama gaban likita, ko da ciwon kai ne ya kai ta, ta san lokacin nan da yakan ɗaga alƙalami ya ce, "Hajiya, yaushe rabonki da al'ada?" ita kuwa ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi, tana mamakin abin da ya haɗa ciwon kai da sirrinta. Alhali kuwa wannan tambaya, wadda kunya ke sa a yi mata gajeriyar amsa, ita ce mabuɗin da likita ke fara nema kafin ya rubuta ko ƙwaya ɗaya.

Dalili na farko shi ne, mace takan ɗauki ciki makonni ba ta sani ba, a daidai lokacin da Allah ke halittar zuciya da gaɓoɓin ɗan tayi, lokacin da wani magani ko hoton ƙashi ke iya yi masa illa. Duniya ta koyi wannan darasi da hawaye, domin maganin thalidomide, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1957, masu ciki suna sha saboda tashin zuciya, ya sa an haifi jarirai fiye da 10,000 da nakasar hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Haka kuma idan ɓatan wata ya haɗu da matsanancin ciwon mara, likita yakan ji tsoron ciki ya zauna a wajen mahaifa, wanda in ya fashe, jini na iya halaka mace cikin sa'o'i.

Na biyu, da ranar hailar ƙarshe ake lissafin haihuwa. Muddar ciki kwana 280 ce, wato mako 40, daga ranar da jinin ƙarshe ya fara zuba. Kuma bisa ƙa'idar da ake jinginawa ga likitan Jamus Franz Naegele, ana ƙara kwana 7, a koma baya wata 3. Wadda ta ga jini ranar 10 ga Janairu, sai ungozoma ta sa rai da haihuwarta wajen 17 ga Oktoba. A nan ne kuskure ke yawan aukuwa wajen awo, domin mace takan faɗi ranar da ta yi wankan tsarki ta koma salla, likita kuwa ranar farko yake nufi, ba ta ƙarshe ba.

Ko babu ciki, haila shaida ce a kan lafiyar jiki: yawan zubarta na jawo ƙarancin jini, jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada kuwa wajibi ne a bincike shi.

Malamanmu na fiƙihu, tun daga Ahalari har Risala, ba su ji nauyin karantar da hukuncin haila ba, saboda salla da azumi da idda sun rataya a kan ƙidayar kwanakinta. To, ƙidayar da mace ke kiyayewa domin ibada, ita ce likita ke roƙo domin lafiyarta. Ta riƙa rubuta ranar farko a kalanda, da watan Musulunci ko na Bature, in an tambaye ta ta faɗa ba tare da nauyin baki ba, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi.