Yadda Ake Kama Giwan Ruwa da Ƙugiya a Lokacin Bazara

Sanyi ya wuce, bazara ta kama. Aikin gona ya yi sauƙi, sai shara da kai taki. A irin wannan lokaci mutane da yawa na bakin koguna da madatsun ruwa sukan koma ga su, don a sami na cefane da kuɗin iri da na takin zamani kafin damina ta sauka. A wannan wata za mu yi bayani a kan giwan ruwa. Babba guda ɗaya yakan fi kwandon ƙananan kifi kawo kuɗi. Amma sa'a kaɗai ba ta kama shi. Sai mutum ya san inda yake kwana, ya san lokacin da yake cin abinci, kuma ya gyara kayan aikinsa.

Halin giwan ruwa

Giwan ruwa yana cikin manyan kifayen Afirka. Ana samun sa a kogin Kwara da kogin Binuwai da tafkin Chadi, da kuma tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama dam ɗin Kainji a shekarar 1968. Jikinsa fari ne mai ƙyalli kamar azurfa, bakinsa yana da faɗi. Wanda ya ƙasaita yakan kusa mita 2 a tsawo, nauyinsa kuma yakan haura kilo 100. Yana cikin kifayen da masunta suke fatan kamawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934. A bikin 2005, kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi zuwa kan sikeli.

Giwan ruwa mafarauci ne. Tun yana ƙarami yake cin ƙwari da jatan lande, idan ya girma kuma sai ya koma cin 'yan uwansa kifaye. Ba ya tauna abinci, zuƙe shi yake yi gaba ɗaya. Kuma yana son ruwa mai tsabta, mai wadatar iska. Tarwaɗa tana iya rayuwa cikin taɓo, amma giwan ruwa ba ya jure wannan. Wanda ya riƙe waɗannan halaye ya sami rabin aikin.

Inda yake zama a bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu ruwan kogi yana ja baya, rana kuma tana dafa shi. Ruwa idan ya yi zafi, iskar da kifi yake shaƙa a cikinsa takan ragu. Saboda haka manyan giwan ruwa sukan bar wurare marasa zurfi, su taru a gurabe masu zurfi da sanyi. Wannan shi ne amfanin bazara ga masunci. Kifin da ya warwatsu cikin fadama da damina, yanzu ya taru wuri kaɗan.

Ga wuraren da ya kamata a duba: gurbi mai zurfi a inda kogi ya yi kwana, da gindin manyan duwatsu, da wurin da itace ya faɗa cikin ruwa, da inda wani rafi mai gudu yake shigowa. A irin waɗannan wurare yake laɓewa yana jiran ƙananan kifi. A cikin dam kuwa, a nemi tsohuwar hanyar da kogi yake bi kafin a tare shi, domin nan ne ya fi zurfi. Tsofaffin gari sun san ta, a tambaye su.

Don sanin zurfi, a ɗaura dutse a igiya, a yi ƙulli a kowace gaba ɗaya, a saka cikin ruwa a ƙirga. Haka kuma idan aka ga ƙananan kifi suna tsalle a firgice, ruwa ba ya tsami banza, akwai mai korar su a ƙasa.

Kayan aiki

Na farko ƙugiya. Bakin giwan ruwa babba ne, don haka ƙaramar ƙugiyar karfasa ba ta riƙe shi. Ko ta miƙe, ko ta zame. A nemi babba mai kauri. Ku da kuka iya karatu, ku duba lambar da ke jikin kwalin. A yawancin ƙugiyoyin da ke kasuwanninmu, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙugiya, wato lamba 2 ta fi lamba 12 girma. A wasa bakinta da magagari. A gwada ta a kan farce: idan ta kama, ta yi kaifi, idan ta zame, a ƙara wasawa. Ƙugiyar da tsatsa ta ci, a yar da ita.

Na biyu igiya. A sayi zaren roba mai kauri, mai tsawo sosai, domin babban kifi yakan yi gudu da nisa kafin ya gaji. Rana tana kashe zaren roba. Wanda ya daɗe a rana yakan yi fari-fari, ya riƙa tsinkewa da kansa. Kafin a fita, a bi shi da yatsu daga farko zuwa ƙarshe. Inda aka ji kaushi, a yanke.

Akwai wani abu da yake sa masunta da yawa asara. Marfin kunnen giwan ruwa yana da kaifi kamar wuƙa, kuma idan yana kokawa igiya takan goga a wurin ta tsinke. Maganin wannan shi ne a sa zare wanda ya fi sauran kauri a ƙarshen igiya, kamar tsawon hannu ɗaya, sannan a ɗaura ƙugiya a jikinsa. A ruwan da tsage ya yi yawa, a sa siririyar waya, domin haƙoran tsage suna datse zare nan take. Idan za a ƙulla zaren roba, a jiƙa shi da ruwa ko miyau kafin a ja ƙullin. Busasshen ƙulli yakan ƙone zaren ya raunana shi.

Na uku dalma, wadda take kai ƙugiya ƙasa, da kuma abin da zai yi yawo a kan ruwa ya nuna alama, kamar ƙaramin galan ko guntun tsohon silifa. A daidaita su yadda ƙugiya za ta tsaya kamar kamu biyu a saman ƙasan ruwa. Idan ta kwanta cikin laka, giwan ruwa ba zai gan ta ba.

Igiyar kuma a naɗe ta a jikin katako ko gwangwani. Kada a kuskura a naɗe ta a hannu ko a ƙafa. Babban kifi yana iya yanke yatsa da ita, ko ya fizgi mutum cikin ruwa.

Abin da ake sa wa ƙugiya

Tana da sabulu da tuwon dusa suna kama tarwaɗa da wasu kifaye. Babban giwan ruwa kuwa abu mai rai yake so, mai motsi. Mafi kyau shi ne ƙaramar karfasa ko ƙawara mai rai, kamar girman tafin hannu. A soka ƙugiya a gadon bayanta, ƙasa da ƙayar baya kaɗan, ba tare da an taɓa ƙashi ba. Haka za ta daɗe tana iyo. A ajiye sauran a bokiti cikin inuwa, ana sauya musu ruwa a kai a kai.

Akwai kuma kifin roba da ake sayarwa a birane, mai ƙugiyoyi a jiki. Wanda ba shi da kuɗinsa yana iya yin nasa da tsohon cokali. A yanke mariƙin, a huda kan cokalin gaba da baya, a sa igiya a huda ɗaya, ƙugiya a ɗayar, a goge shi da toka har ya yi ƙyalli. Sai a sake shi a bayan kwale-kwale, ana tuƙi a hankali ta gefen gurbi. Yana juyawa yana walƙiya kamar kifin da ya ji ciwo, giwan ruwa kuwa ba ya ƙyale irin wannan.

Lokacin fita

Lokaci mafi kyau shi ne daga asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. A lokacin ne yake tasowa farauta. Da rana tsaka yakan koma can ƙasa ya kwanta, mai nemansa sai ya ƙara wa igiya tsawo.

A bazara ruwa yakan kwanta ya yi garau. Hausawa suna cewa kifi na ganin ka, mai jar koma. Don haka a isa wurin a hankali. Kada a riƙa buga filafili a jikin jirgi, kada a yi hayaniya, kuma a zauna yadda inuwar mutum ba za ta faɗa kan gurbin ba.

Idan ya kama

Da an ga galan ya nutse, kada a yi gaggawa. A ba shi ɗan lokaci ya haɗiye, igiya ta miƙe, sannan a fizga da ƙarfi sau ɗaya. Zai yi gudu. A sakar masa igiya a hankali, amma kada a bari ta yi sako-sako. Idan ya tsaya, a jawo. Sau da yawa yakan yi tsalle sama, baki buɗe, yana girgiza kai don ya fitar da ƙugiya. Nan ne ake yawan rasa shi, kuma igiyar da ta saki ce take ba shi dama. A yi ƙoƙarin janye shi daga duwatsu da itatuwa. Idan ya gaji zai kwanta a gefe ɗaya. Sai abokin tafiya ya ɗauko shi da babbar ƙugiya mai ƙota ko da homa. Kada a cusa hannu cikin kunnensa, kuma a kula da ƙayoyin bayansa.

Zafin bazara yana lalata kifi da wuri. A fasa cikinsa nan da nan, a cire hanji da kunnuwa, a wanke, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Namansa yana da kitse, ba ya bushewa da kyau a rana. Idan kasuwa tana da nisa kuma babu ƙanƙara, a yanka shi gunduwa-gunduwa a yi banda. A wurin sayarwa, mai kifi ya karanta sikeli da idonsa.

A bar na baɗi

Macen giwan ruwa ba ta fara ƙwai sai ta haura kamu ɗaya a tsawo, wato kamar santimita 50, wasu ma sai sun fi haka nesa. Babbar mace guda takan zuba ƙwai miliyoyi. Wanda ya kama ɗan ƙarami ya kai kasuwa, ya sayar da buhun hatsi a kuɗin mudu. A cire masa ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu, a mayar da shi ruwa.

Tun da kifi ya taru wuri ɗaya a bazara, wasu sukan zuba guba ko maganin ƙwari a gurbi. Wannan yana kashe babba da ƙarami, ya cuci mai ci, ya cuci dabbobin da suke shan ruwan. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta shekarar 1992 ta hana amfani da guba da nakiya da wutar lantarki. Ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, sai a wasu ayyuka kaɗan da ta ware. Wanda ya ga ana haka ya sanar da Sarkin Ruwa ko ma'aikacin kula da kifi. Gurbin da gari ya hana shiga sai ranar da aka sa, a girmama wannan al'ada.

Kula da rai

A ƙarshen bazara hadari yakan taso da iska mai ƙarfi ba zato. Da an ga gabas ta yi baƙi, a nufi gaɓa. A riƙa fita mutum biyu, a sa rigar kariya ta ruwa, kada a miƙe tsaye cikin kwale-kwale ana kokawa da kifi. A nisanci ƙofofin dam da wuraren da dorina take zama.

Daga ƙarshe, ga aiki ga 'yan ajin yaƙi da jahilci. Kowa ya sami ɗan littafi. Duk ranar da ya fita, ya rubuta kwanan wata, da sunan gurbi, da zurfinsa, da lokacin da kifi ya kama, da nauyinsa, da kuɗin da aka saya. Idan bazara ta zagayo, littafin nan zai nuna masa inda zai fara jefa ƙugiya. Allah Ya ba da sa'a, Ya kai mu damina lafiya.