Dashen Haƙori: Ƙarfe Ma Yana Gajiya

Mai giɓi a yau ya sami wata mafita ban da haƙorin roba da ake cirewa da dare, wato dashen haƙori. Sai dai mutane da yawa suna zaton da zarar an dasa shi ke nan har abada. To, ba haka abin yake ba.

Asalin wannan fasaha daga ƙasar Suwidin ne. A shekarar 1952 wani likita mai suna Per-Ingvar Branemark yana binciken gudanar jini a ƙashin zomo, sai ya tarar ƙarfen taitaniyam da ya sa a ƙashin ya manne ƙam, ya ƙi ciruwa. A 1965 ya dasa wa wani mutum, Gosta Larsson, haƙora a birnin Gotenbag, kuma suna nan daram a bakinsa har ya rasu a 2006, fiye da shekara 40 ke nan.

Dasasshen haƙori kashi uku ne. Akwai ƙusar taitaniyam da ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ta wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta. Akwai mariƙin da ake ɗaurewa a kanta da ɗan ƙaramin noti. Sa'an nan akwai hula, wadda yawanci ta tangaran ce, ita ce ido ke gani a matsayin haƙori.

Binciken likitoci ya nuna fiye da ƙusa 90 cikin 100 suna nan lafiya bayan shekara 10. Amma hula da noti ba su kai ƙusar ƙarko ba. Ga dalili: haƙorin da Allah Ya halitta yana da wasu siraran zaruruwa tsakaninsa da ƙashi, masu rage ƙarfin tauna kamar sifirin na mota, masu kuma sanar da mutum idan ya ciji tsakuwa. Dasasshe ba shi da su, saboda haka duk nauyin tauna a kan tangaran da noti yake sauka.

Ɗaya daga cikin matsalolin da aka fi gani ita ce notin ya saki, mutum ya ji hula tana girgiɗi. Idan aka hanzarta, likita zai ɗaure shi ko ya sake sabo cikin ɗan lokaci. Idan kuwa aka yi sakaci, notin ya dinga lanƙwasa yau da gobe har ya karye a cikin ƙusar, fitar da guntun kuwa jan aiki ne. Tangaran ma yakan ɓalle. Karyewar ƙusar kanta ba kasafai ba ne, amma in ta faru sai an yi tiyata an cire ta, a koma farko, da sabon kuɗi.

Wanda ke cizon haƙora cikin barci ya fi kowa shiga hatsari, shi ya sa likitoci kan ba shi robar da zai sa a baki da dare. Haka mai tauna ƙashi ko ƙanƙara, da mai ɓare rake ko buɗe kwalba da baki. Ban da wannan, datti kan kumbura dasashi ya ci ƙashin da ke riƙe da ƙusar, musamman ga mashaya taba da masu ciwon sukarin da ba sa kula da shi.

Saboda haka, kafin ka miƙa kuɗinka, tabbata likita mai rajista ne, ka kuma karɓi takarda mai ɗauke da sunan kamfani da lambar ƙusar da aka sa maka, domin notin wani kamfani sau da yawa ba ya shiga ta wani. Ka riƙa goge baki safe da dare, ka leƙa likita aƙalla sau ɗaya a shekara, ranar da ka ji girgiɗi kuwa kada ka jira gobe. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.