Majigin buki: yadda ake kafa shi ba tare da hasara ba

Kaka ta yi. An yanke gero, an ɗaure dammuna, an cika rumbuna. Yanzu lokacin bukukuwa ne. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita, da wuya mako ya wuce babu aure ko suna.

Makaɗan kalangu da na gurmi suna nan kan sana'arsu. Amma an samu ƙarin wani mai sana'a, wato saurayi mai sa kiɗa da na'ura. Ana ce masa DJ. Sunan ya yi kama da Dije, amma ba ta gidan maƙwabta ake nufi ba. Wasu daga cikin samarin nan sun ƙara da majigi. Suna haska hoton ango da amarya, da waƙoƙi, da kokowa, jama'a na kallo.

Majigi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Turawa motocin majigi suka yi yawo a Najeriya ta Arewa. A Nijar an fara karantar da yara ta talabijin a 1964, aka buɗe Télé-Sahel a 1979. Marigayi Mustafa Alasan, gwanin sinima da ya zauna Tawa, ya rasu a 2015, shi ma ya kai kallo har ƙauyuka. Abin da ya sake shi ne, yau kayan suna hannun samari. Wani da kuɗin albasa ya saye su, wani da guminsa na cin rani. Kuskuren dare ɗaya yana iya cinye wannan jari. Yana iya cin rai ma.

Allo

Aikin yana farawa tun da sauran rana. DJ mai hankali yana zuwa bayan la'asar, ya duba fili kafin duhu.

Allo mafi sauƙi shi ne bango mai santsi da aka shafa wa farar ƙasa. In babu, sai farin ƙyalle mai kauri. A ja shi ya miƙe sosai, don ƙyalle mai lanƙwasa yana karkata fuskar mutum. Faɗin mita 2, wato kamu 4, ya isa taron ƙauye. A ɗaga gindinsa kamar mita 1 daga ƙasa, don na baya su gani.

Babban abokin gaban allo iska ce. Da hunturu tana busowa daga gabas maso arewa. In da hali a jingina allo ga bango. In a fili ne, a haƙa rami, a kafa itace biyu masu ƙarfi, a ɗaure su da igiya gaba da baya. Kada a rataya fitila kusa da allo. Haskenta yana wanke hoto.

Inda majigi zai zauna

A aza majigi bisa tebur mai ƙarfi, daidai tsakiyar allo. Yawancin majigi suna son tazarar mita 3 zuwa 4 ga allo mai faɗin mita 2. In an matsa baya, hoto ya ƙara girma amma ya dushe. In an matso, ya ƙanƙance amma ya yi haske. In majigi ya ɗaga kai da yawa, saman hoto zai fi ƙasansa faɗi. Akwai maɓallin gyara wannan, amma ɗaga tebur ya fi. Daga nan a murɗa zoben da ke bakin gilashi a hankali, har rubutu ya fito ɓaro-ɓaro.

A ja igiya a kewaye teburin. Yara ba su da haƙurin zama, kuma ƙafa ɗaya ta isa ta kayar da shi.

Wayoyin hoto

Waya ita ce mafi arha cikin kayan, amma ita ta fi ba DJ kunya. Iri 3 aka fi gani.

Ta farko ita ce HDMI. Kanta siriri ne mai faɗi. Tana ɗaukar hoto da murya tare, kuma hotonta ya fi tsabta. Amma ba ta son nisa. In ta wuce mita 10, sau da yawa hoto yakan riƙa yankewa.

Ta biyu ita ce VGA. Kanta yawanci shuɗi ne, da ƴan haƙora 15. Hoto kaɗai take ɗauka. Haƙori ɗaya in ya lanƙwashe, sai launin hoto ya sake. Tana da kusoshi biyu a gefe, a murɗa su don kada ta zare.

Ta uku mai kai 3 ce. Rawaya na hoto ne, ja da fari na murya. Ita ce ta tsofaffin na'urorin DVD. Hotonta ba ya fita sosai a babban allo.

Dabarar ita ce: kwamfuta ta zauna kusa da majigi, wayar hoto ta zama gajera. Wayar lasifika ce za a tsawaita, don ita tana jure nisa. A ajiye lasifika dama da hagun allo, murya ta fito daga inda hoto yake.

Wani abu yakan rikita sabon shiga. Da ya haɗa HDMI, sai manyan lasifika su yi shiru. Ba lalacewa suka yi ba. Murya ce ta bi waya ta tafi ƙaramar lasifikar cikin majigi. Sai a shiga kwamfuta a maido da ita ga akwatin ƙara murya.

Kada wayar murya ko ta hoto ta kwanta jere da wayar wuta, don hakan yana kawo gurnani cikin lasifika. In dole su haɗu, su gitta juna kawai. Inda mutane ke wucewa, a rufe waya da tabarma. Kuma kullum a riƙe waya ta biyu cikin jaka. Mai igiya biyu ba ya kwana da ƙishirwa bakin rijiya.

Wuta

Wutar NIGELEC da ta injin wuta, wanda ake ce wa gurup, duka volt 220 ne. Tana kashe babba, balle yaro. Kada a bar haɗin waya tsirara. Kada a naɗe shi da leda. A yi amfani da salataf na wuta, a ɗaga haɗin daga ƙasa mai laima. In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe inji tukuna, ko a ture wayar da busasshen itace.

A kai gurup nesa da taro, kamar taki 20, inda iska za ta tafi da hayaƙi. Kada a tada shi cikin ɗaki ko zaure, don hayaƙinsa yana kashewa cikin shiru. A nisanta shi da rumbu, da zana, da tarin kara. Ba a zuba masa mai yana aiki. Sai an kashe, ya huce.

Majigi mai ƙwai yana cin wat 250 zuwa 300. Kowace na'ura an rubuta cinta a jikinta. A tara lissafin duka, a tabbata ƙarfin gurup ya zarce shi. Ga inda karatu da lissafi ke amfani. A sa na'urar daidaita wuta tsakanin gurup da majigi.

Kunnawa da kashewa

1. A haɗa wayoyi duka kafin a ba da wuta.
2. A tada gurup, a bari muryarsa ta daidaita.
3. A kunna kwamfuta, sannan majigi.
4. Akwatin ƙara murya shi ne na ƙarshe.

Wajen tashi, akwatin ƙara murya ake fara kashewa. Sai a kashe majigi da maɓallinsa, a jira fankar cikinsa ta tsaya. Gurup ne ƙarshe. Ƙwan majigi yana zafi ƙwarai, kuma wanda ya saba yanke masa wuta farat ɗaya yana rage masa kwana. Don haka a duba mai tun kafin a fara.

Ƙurar hunturu tana toshe kafofin shan iskar majigi. Bayan kowane buki a kakkaɓe matatarsa. In ya huce, a naɗe shi cikin zane mai tsabta. A naɗe wayoyi zobe-zobe, ban da ƙulli.

Haƙƙin gari

A sanar da mai gari kafin a kafa kaya. A yi shiru lokacin salla. A tuna da marasa lafiya da tsofaffi in dare ya yi nisa. Kada a haska hoton matar wani ko ɗiyar wani sai da yardar gidansu. Kuma a zaɓi abin da uba da ɗa za su iya kallo tare.

DJ da ya kiyaye waɗannan, jarinsa zai daɗe, kuma garin da ya je sau ɗaya zai sake kiransa. Rigakafi ya fi magani.