Ƙibar Kemis da Hawan Jini: Jan Kunne ga Matan Bauchi

Har yau a garin nan, amarya ta yi wata uku a ɗakinta ba ta yi kumatu ba, sai dangi su fara gunaguni, wai ko miji ba ya ciyar da ita ne. Wannan surutu shi ke tura mata kemis su sayi "sha ka fashe". Cikin ƙwayoyin da ake ƙulla musu har da dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa da awo saboda kumburi ko asma. Idan aka ɗauki lokaci ana shansa, yana tara gishiri da ruwa a jiki, ya ɗaga hawan jini, ya tayar da ciwon suga. Fuskar da ake yaba wa da "kin yi kyau, kin huta" kumbura ta yi.

Hawan jini da suga kuwa na iya kai mutum ga ciwon zuciya, amma abin takaici, da yawa na ɗauka ciwon zuciya na maza ne. Gaskiya maza sun fi shan taba da shisha, ciwon kuma yakan riga kama su, ga taurin kan zuwa asibiti. Amma a birane mata sun fi ƙiba, kuma kariyar da jikin mace ke da ita tana raguwa da zarar al'ada ta ɗauke. Wadda jininta ya taɓa hawa da juna biyu ta fi kowa buƙatar sa ido, amma daga ranar da aka gama awon ciki shi ke nan, ba ta sake miƙa hannu a gwada ta. Ko ciwon ya zo, wani lokaci da haki da kasala da tashin zuciya yake zuwa, sai a ce olsa ce.

Ki sa tef ɗin tela ki auna ƙugunki: ya kai santimita 80, a fara hattara, namiji kuma 94. Jini ya tsaya a 140/90 ko sama, a nemi likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishiri ya kai giram 5 a wuni, kusan ƙaramin cokali, kuma dunƙulen miya na cikin lissafi.

'Yar'uwa, idan kin riga kin saba da ƙwayoyin nan, kada ki yanke su dare ɗaya, hakan ma haɗari ne. Ki ɗauki ledarsu ki je Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibitin unguwarku a rage miki a hankali. Ku kuma iyaye da surukai, ku daina auna zaman aure da kumatu.